Zoben da Usta Habu Ya Goge

Gwaggonku Rabi ta riga ni ba ku wannan labari, da muryar nan tata da ake jiyowa daga layi na uku. Na san abin da ta ce muku: wai ni na ƙwace aiki daga hannun kakanku, na zaunar da shi a bakin ƙofa har rai ya yi halinsa. Ban taɓa musa mata a gabanku ba, domin yayata ce, kuma wanda duk ya ja da Yaya Rabi ya san ranar ba zai ci abinci da daɗi ba. Yanzu da gwiwa ta raba ni da tuƙi, na ga gara in rubuta yadda abin ya faru. Da Hausa zan rubuta, ko da yake na san Usman sai ya nemi Hauwa ta karanta masa, yana tare ta da Larabcinsa na "yani esh?", wato me ake nufi, a kowane layi. Ya daure, harshen kakansa ne.

Kakanku maƙerin tagulla ne a Balad, tsohuwar unguwar kasuwa ta birnin nan na Larabawa. Usta Habu ake ce masa, Larabawa da Hausawa duka, kuma ba kowa ake kira Usta ba sai wanda hannunsa ya nuna. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne, in ya miƙe ƙafa sai ta leƙo titi. A nan yake gyaran dalla, wato butar gahawa, da manyan tire na biki, da turmin dakan gahawa. Abu biyu aka san shi da su. Na farko, kaya ba ya barin hannunsa sai yana ɗaukar ido. Na ga mutum ya kawo dalla a liƙe masa mariƙi kawai, yana sauri baƙi na jiransa, Baba ya hana shi ƙememe sai da ya goge ta tas da lemun tsami da toka, mutumin na ta "yalla ya Usta, yalla", shi kuwa ko a jikinsa. Na biyu, ɗamara. In dalla ta tsage a ƙugu, yakan zagaye wurin da siririn tagulla ya liƙe, abin da Larabawa ke kira hizam. Yana alfahari da cewa dallar da ya yi wa ɗamara ba ta taɓa dawo masa ba. A wurinsa, inda duk ka ga ɗamara a jikin tagulla, to nan ne ƙarfi yake.

Shekarar da aka rufe ginin da shagonsa yake domin gyara, ya kwaso kayan aikinsa a buhu ya dawo gidanmu na unguwar Hindawiyya. Inna ta riga ta rasu, Yaya Rabi ce ke riƙe da gidan. Makon farko ya goge duk cokulan gidan. Ya koma kan mariƙin ƙofa, ya koma kan famfo, har sai da Yaya Rabi ta fara ɓoye tukwanenta a ƙarƙashin gado don ta ce zai huda su. Da abin gogewa ya ƙare sai ya zauna. Mutumin da ba ya iya shan shayi ba tare da ya kushe shi ba ya koma karɓar kofi ya sha shiru. Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. Wannan shirun ya fi ba ni tsoro a kan kowace cuta.

Ni a lokacin ina tuƙi a wurin kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a takardun zama, Abu Majid, mutumin unguwar Aziziyya. Mafarauci ne na gaske, mai takardunsa cif, yana fita ƙasashen waje farautar manyan namun daji. A istiraharsa, wato gidan hutunsa da ke bayan gari, yana da wani ɗaki da yake sake cika harsashinsa da kansa. Ku da ba ku taɓa riƙe bindiga ba, bari in gaya muku: in an harba, kan harsashin ne ke tafiya, kwanson tagullar yana nan. Abu Majid ba ya zubar da kwanso. Yakan wanke shi, ya sa shi a wani ƙarfe da yake kira ƙalibi ya matse shi ya koma siffarsa ta farko, sannan ya sake cikawa. Albarushi shi kaɗai ke taɓawa, ƙofa a kulle. Nawa aikin wanki ne da jan hannun na'urar matsewa. Kwanson babbar bindigarsa yana da wuya, yana da kafaɗa, sannan can kusa da gindi yana da wani tudu da ya zagaye shi kamar zobe mai kauri. Wata rana ya ɗaga ɗaya yana tsaki, wai sun dushe kamar tsohon kwabo. Na ce masa ai ina da tsoho a gida wanda zai mai da su madubi. Ya yi dariya, ya cika mini jaka da wofintattu, babu albarushi babu komai.

Ba zan manta ranar da na juye jakar nan a gaban Baba ba. Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi a haske, ya ƙwanƙwasa da farce ya kai kunne.

"Wanda ya yi wannan ya san aiki," in ji shi. "Sani, dubi nan. Ɗamara ce fa ya yi masa."

"Haka Abu Majid ma ke kiranta, Baba. Hizam."

"To ai dole. Abin da zai ɗauki wuta ba a barinsa ba ɗamara. Rabi! Ina lemun tsamin gidan nan?"

Watannin da suka biyo baya, gidanmu ya dawo gida. Da hantsi za ka ji shi a tsakar gida ya shimfiɗa tsummansa, ya jera kwanso kamar ɗalibai, yana ƙananan waƙoƙinsa na maƙera da ba wanda ya san farkonsu. Ya koma kushe shayi. Ya koma faɗa da Yaya Rabi kan ta taka masa toka, ita kuma tana ramawa tana murmushi a ɓoye. In an tambaye shi a masallaci, sai ya ce yana da shugul, wani babban mutum ne ya ba shi aikin da ba kowa zai iya ba. Wani lokaci yakan yi mini ƙorafin wani layi mai taurin kai da ke fitowa a jikin wasu, dab da saman ɗamara, siriri mai haske kamar an zana da allura. Lemu ba ya fitar da shi, sai ya bi shi da yashi mai laushi har jikin ya zama bai ɗaya. Ina jin sa ina gyaɗa kai, don ban san komai a kai ba. Abu Majid kuwa sai yabo, yana nuna wa abokansa harsashin da ake ganin fuska a jiki.

Da sanyi ya shigo muka je filin gwajin harbi, Abu Majid yana shirin wata tafiya. Ina jingine da mota na ji ƙarar ta fita daban, da wani huci a bayanta. Na juyo na ga ya ajiye bindiga ya dafe fuska. Tabarau ne ya tsare masa ido, amma kuncinsa ya yi ɗigo-ɗigon baƙi da jini kamar an watsa masa barkono. Da ya ja sakatar bindigar, gindin kwanson kaɗai ya fito, da ɗamararsa lafiya lau. Sauran jikin ya yanke ya maƙale a ciki.

Muka koma istiraha. Ya wanke fuska, ya ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda Baba ya goge, ya ɗaure shi, ya tsaga shi gida biyu a tsaye da ƙaramin zarto. Ya kira ni kusa da taga. Daga waje sumul yake. Daga ciki kuwa, dab da saman ɗamara, akwai wani kwari da ya zagaye shi, tagullar wurin ta sirance kamar bawon albasa.

"Kuskuren farko nawa ne, ya Sani," ya ce. "Zauna ka ji."

Yadda ya bayyana mini shi ne, irin wannan kwanso ɗamararsa ce ke tokare shi a bakin makwancinsa cikin bindiga, ita ke cewa tsaya nan. Amma can gaba, tsakanin kafaɗar kwanson da bangon makwancin, akwai ɗan sarari da ido ba ya gani. In wuta ta tashi, tagulla sai ta miƙe gaba ta cike sararin. Shi kuma in ya dawo gida sai ya sa ni in matse ta har ƙarshe, kafaɗar ta koma baya inda ta fito. A harba ta miƙe, a matse ta koma, a harba ta sake miƙewa. Duk miƙewar nan daga wuri guda ake cirarta, daga saman ɗamara, kamar yadda ƙullin fulawa ke sirancewa a tsakiya in ana jan sa. Da ya riƙa matse kafaɗar kaɗan kawai, daidai yadda sakata za ta rufu, da sararin bai samu ba, da tagullar ba ta gaji da wuri ba. Ya san haka, ya ce, ganda ce ta hana shi gyara ƙalibin, ga shi kuma yana da abin da ya dogara da shi.

"Kafin ya yanke yana ba da alama. Wani siririn zobe mai haske, a nan. Da na gan shi sai in jefar. Watanni ke nan ban ga ko ɗaya ba, har ina murna na dace da tagulla mai kyau."

Ya dube ni, na dube shi. Nan take na ji muryar Baba a kunnena yana zagin layi mai taurin kai.

Abu Majid mutumin kirki ne, Allah Ya saka masa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce daga yau kwanson da za a sake cikawa ba zai bar ɗakin nan ba, a dushensa za a duba shi. Sai ya jawo wani bokiti daga ƙarƙashin tebur, cike da waɗanda ya yanke wa hukuncin zubarwa.

"Kai wa Usta waɗannan. Ya goge, ka dawo da su, in zubar. Kowane mako akwai wasu. Kada ka karya masa zuciya, halas, shi ke nan, ba sai ya sani ba."

Yaya Rabi na fara gaya wa, a kicin, murya ƙasa-ƙasa. Ba ta bari na kai ƙarshe ba.

"To me kake jira? Kai masa mana. Mutumin ya ba ka mafita a hannu kana tsaye kana zare ido. Ka ga yadda yake cin abinci yanzu? Wallahi Sani in ka buɗe bakinka ni da kai ne."

Ina so ku sani, da niyyar bin maganarta na fito tsakar gida. Bayan la'asar ne. Na ajiye jakar, Baba ya ce yau na makara, ya shimfiɗa tsumma ya jera su. Na farkon da ya ɗauka yana da zoben, ɓaro-ɓaro.

"Ga ɗan banzan nan kuma," ya ce, yana laluben gwangwanin yashi. "Yau za ka san da Usta kake."

Ya fara waƙarsa. Na tsaya ina kallon yatsun nan da suka ciyar da mu, sun kama aiki da gaske, da dukkan abin da suka sani, a kan abin da gobe za a watsa a shara. Na tuna yadda muke ba Usman tsohuwar wayar da ba batir ya yi ta danne-danne don ya bar mu mu yi magana. Abin da ya dame ni ke nan. Ba tsoron ƙarya ba ne, don na yi ƙananan ƙarairayi a rayuwata kamar kowa. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, a ce ni da Yaya Rabi da wani Balarabe mun haɗa baki mun san abin da Usta Habu bai sani ba game da tagulla, muna kallonsa yana waƙa. Rabin kwanson da aka tsaga yana aljihuna. Na durƙusa na ajiye shi a kan tsumman.

Ya daina waƙar. Ya ɗauka, ya juya cikin, ya sa farcen babban yatsa ya bi bangon a hankali har farcen ya faɗa kwarin. Ya sake bi. Ba sai na yi dogon bayani ba, hannunsa ya riga kunnensa ji.

"Wannan a bayan layin nan yake?"

"Eh, Baba. Layin shi ke nuna ya kusa yankewa."

"Amma yana da ɗamara."

"Ɗamarar nan ba ta ƙarfi ba ce, Baba. Ta tsayawa ce kawai, don ya zauna daidai a cikin bindiga. A samanta ma yake yankewa."

Ya ci gaba da shafa wurin.

"Ya yanke wa mutumin?"

"Ya yanke. Allah Ya tsare idonsa. Ya ce laifin matsewarsa ne, ba naka ba."

"Ban tambaye ka abin da ya ce ba." Ya nuna waɗanda ya jera. "Waɗannan fa?"

Nan ne wurin da zan iya tsayawa. Da na ce masa a ci gaba da gogewa, a bar layin kawai, da ya yarda. Yaya Rabi tana bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, idonta kamar zai huda ni.

"Matattu ne, Baba. Na zubarwa ne."

"Aka ce a kawo mini in yi wasa da su."

Ya dubi Yaya Rabi, ta sunkuyar da kai. Ya mayar da kwanson cikin jaka ɗaya bayan ɗaya, ya rufe gwangwanin yashi, ya ninke tsumman gida huɗu yadda yake yi in zai rufe shago. Ya miƙa mini jakar ya ce in gaishe da mutumin, in ce Usta Habu yana ba shi haƙurin fuskarsa.

Daga ranar bai sake goge ko cokali ba. Abin da Gwaggonku ta gaya muku game da wannan gaskiya ne, ban rage mata komai ba. Ta yi mini wankin babban bargo a daren, ta yi wata guda tana ajiye mini abinci ba tare da ta dube ni ba. Abu Majid da ya ji, ya ɗauko wata tsohuwar dalla ta mahaifiyarsa wadda ta tsage da gaske, ya zo har Hindawiyya da kansa, ya zauna a tabarma. Baba ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya sa aka kawo shayi, ya duba kuncinsa ya yi masa addu'a. Da aka miƙa masa dallar sai ya riƙe ta ya ce:

"Wannan ta gaske ce, ko ita ma ta rarrashi ce?"

Abu Majid ya rantse. Baba ya yi murmushi ya mayar masa, ya ce ido ya yi rauni. Wannan shi ne abin da ban hango ba. Na ɗauka in na gaya masa gaskiya zai ji zafi ya warke, a samo masa wani aikin. Ashe na sa ya daina yarda da kowane aiki da za a miƙo masa, ya kuma daina yarda da idonsa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ganin ɗamara ya ce ƙarfi, yana ganin tabo ya ce a goge, an nuna masa wuri guda da duka biyun suka ci amanarsa.

Na ci gaba da aiki a ɗakin nan shekaru masu yawa. Abu Majid ya gyara ƙalibinsa, muka koma taɓa kafaɗar kaɗan, kwanso ya riƙa daɗewa. Ya koya mini duba kowane ɗaya a dushensa, in zura lanƙwasasshiyar waya in shafa cikin. Na iya aikin sosai, amma ban taɓa jin daɗinsa ba. Sau da yawa ina tuƙi a titin Madina sai in kama kaina ina sake shari'ar daga farko. Wata rana in ba kaina gaskiya, wata rana in ba Yaya Rabi. Ita ta ce da na yi shiru da ya ƙara shekaru, yana waƙarsa, yana cin tuwonsa, kuma wa aka cuta? Ba ni da amsar da za ta gamsar da ita. Ku ma ban rubuta wannan don ku ce na yi daidai ba. Na rubuta ne don ku san ba ƙeta ba ce, ba kuma rashin tausayi ba. Ina son tsohon nan fiye da yadda na iya nuna masa.

Tsakanina da shi magana ta koma gaisuwa. Ina kwana, lafiya lau, shi ke nan. Ranar Juma'a kaɗai yake yarda in riƙe masa hannu zuwa masallaci, saboda cunkoso. Wata Juma'a da zafi ya tsananta, muna dawowa, ya ce mu tsaya a inuwar wani shago ya huta. Ya jingina da bango yana numfashi, yana kallon masu wucewa. Ina tsammanin ruwa zai ce in sayo.

"Sani."

"Na'am, Baba."

"Ka tsufar da ni a yini ɗaya."

Na sunkuyar da kai, na ce ya yafe mini. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, kamar yadda yake tsayar da mai saurin karɓar dalla.

"Ban gama ba. Ka tsufar da ni, amma ba ka mai da ni yaro ba. A gidan nan kai kaɗai ka tuna Usta ne ni."

Hawaye ya cika mini ido a tsakiyar titi, gaban masu sayar da lemu. Ya yi tsaki, ya ce in share fuska kada a ce dukana ya yi. Sannan ya miƙo mini hannu da kansa, muka ƙarasa gida a hankali. Bai kai azumin shekarar ba.